Dalilin Da Ya Sa Dabbobin Tambari Suke Tsaye Da Ƙafa Biyu

Dalilin da ya sa dabbobin da kuke gani a jikin tambari ba sa zama, ba sa kwanciya, kullum suna tsaye da ƙafa biyu sun rungumi garkuwa, baki buɗe, harshe a waje, wani bunsuru ne ya jawo shi. In kuna musu, ku duba bajon da ke aljihun rigar makarantarku. Ku gaya mini, wane zaki ne mai hankali zai tsaya haka a gaban jama'a, kamar wanda ya taka garwashi? Kai mai dariya a can baya, matso kusa, ai da kakan akuyar gidanku ake magana.

A zamanin da, lokacin da dabbobi suke magana da mutane baki da baki, tambari ba haka yake ba. Kowane gari yana da nasa a saman ƙofar gari, kuma dabba ɗaya ce tak a ciki, tana kwance abinta, ta ɗora haɓa a kan hannu tana hutawa. Akwai kuma wata al'ada mai ƙarfi: duk dabbar da ta shiga tambarin gari ta zama kan gida. Wato wuƙa ba ta taɓa wuyanta, tukunya ba ta ganin namanta, ko yaro ba ya jifanta. Mutanen Tudun Marke kada suka sa a nasu, kadan nan ya yi ƙiba har ya daina iya juyawa, sai an taru an juya shi.

Gari ɗaya ne ba shi da tambari, shi ne Kwarin Ɗinya. Saman ƙofarsu fili ne fetal, ko zanen ƙadangare babu. Baƙi sukan zo su wuce, suna tsammani garken shanu ne aka kewaye da katanga. In mutanen garin sun je cin kasuwa a Tudun Marke, sai a riƙa tambayarsu, "Af, daga ina ma kuka ce kuke? Me ke jikin ƙofarku?" Su sunkuyar da kai, su sayi gishirinsu su dawo. Abin ya ishi dagacin garin, wani gajeren mutum mai suna Barmo, wanda Allah ya ba shi komai ban da gemu. Ya shafa man kaɗanya, ya shafa man shanu, haɓar nan ta ƙi fid da ko gashi ɗaya.

A ƙofar zauren Barmo akwai turke, a turken akwai bunsuru, sunansa Maiwari. Ba sai na gaya muku dalilin sunan ba. Ƙosasshe ne, mai gemu har ƙirji, mai cin duk abin da bakinsa ya kai: shanyar mata, igiyar guga, tabarmar baƙi. Ko malfar dagaci bai bari ba, ya cinye mata ƙoƙon kai, ya bar gefen da tsinke-tsinke a tsaye. Amma yana da kunne, kuma duk shawarar da ake yi a zaure a gabansa ake yi, don ba wanda yake rage murya saboda bunsuru.

Ran nan Barmo ya tara dattawa ya ce ya gaji da gori, tambari za a yi.

"Garkuwar Kaka za a sa a tsakiya," in ji shi.

Kowa ya gyaɗa kai. Garkuwar Kaka ita ce ta mutumin da ya sari garin. Ta fatar ɓauna ce, faɗinta ya kai ƙyauren ɗaki, nauyinta ya fi na buhun gero. Tana da dokoki biyu. Hannun ɗan Adam ba ya taɓa ta sai na mutum ɗaya, wani tsoho, Baba Anaruwa Mai Garkuwa. Kuma ba ta taɓa ƙasa. Ranar da ta taɓa, dole gari ya kwashe komatsansa ya tashi, a bar rumbuna da rijiyoyi a nemi wani wuri.

Aka shiga maganar launi, nan fa zaure ya kaure. Manoma suka ce baƙi, don a san ƙasarsu tana da albarka. Maƙera suka ce ja, don a san akwai zuciya. Marina suka ce in ba a sa shuni ba, kowa ya rina rigarsa da kansa. Liman ya ce fari dai, zaman lafiya. Da Barmo ya ga an fara naɗe hannun riga, sai ya ce a sa duka, kowa ya nemi nasa a ciki.

Saura dabba. Wani ya ce giwa, aka ce bangon ba zai ɗauke ta ba. Wani ya ce kura, aka ce to wa zai kawo awakinsa kasuwar garin da kura take ƙofa? Daga ƙarshe aka tsaya a kan Zaki, aka tura mai shela daji da goro. Mai shela ya dawo ya ce Zaki ya yarda, amma da sharaɗi: a ba shi inuwa, kada a dame shi da surutu, in an gama kuma a sallame shi da ƙosasshen bunsuru.

Sai kawunan dattawa suka juya a hankali, duka tare, wajen ƙofar zaure.

Maiwari ya daina tauna harawar da ke bakinsa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, don yana son ransa kamar yadda kuke son naku. Sai ya tuna da kadan Tudun Marke. Ya ja igiya iya tsawonta, ya leƙa kai cikin zaure.

"Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ina da 'yar magana."

"Yi ta daga nan," in ji Barmo, ya toshe hanci da bakin rawani. "Kada ka shigo."

"Na ga ana wahalar neman dabba har daji, alhali ga ni a ƙofa. Ba na neman inuwa, ba na neman sallama. In kwanciya ce kuwa, ai ni ne gwani."

Zaure ya fashe da dariya. Sarkin Fawa, wani ƙato mai suna Tunau, wanda ya daɗe yana auna cinyar Maiwari da ido, ya share hawaye ya ce, "Kai, kowace dabba a tambari wani hali take nunawa. Zaki jarumta, kada haƙuri, raƙumi juriya. Kai me kake nunawa, ban da inda iska take kaɗawa?"

Maiwari ya duba jikinsa sama da ƙasa yana neman abin nunawa. Sai ya ɗaga kai da ƙarfin hali.

"Dattako, ranka ya daɗe. Dubi gemun nan. Duk baƙon da ya ga gemu irin wannan a ƙofa zai san akwai manya a garin. Ai shugaba in ba gemu..."

Hannun Barmo ya tafi haɓarsa da kansa, ya shafa, ya dawo.

"Tunau," in ji Barmo a hankali, "a ƙara masa dusa. Ina so Zaki ya same shi da maiƙo."

Ranar aiki ta zo. Tun da hantsi gari ya taru a ƙofa, a gindin wata babbar tsamiya. Baba Anaruwa ya kawo Garkuwar Kaka, ya ɗaura mata igiya, ya jefa igiyar bisa reshe, ya ja har garkuwar ta tsaya tana lilo a sama, sannan ya ɗaure bakin igiyar a saiwar tsamiya. Ya kakkaɓe hannu ya ce shi zai leƙa gonar gyaɗarsa a tsallaken rafi, in an gama a kira shi. Tunau kuwa ya jawo Maiwari ya ɗaure shi a wannan saiwar, ya zauna gefe yana wasa wuƙa a dutse.

Zaki ya iso yana taƙama, bai amsa sallamar kowa ba. Ya kwanta daidai ƙarƙashin garkuwa, ya juya dama ya ce a'a, ya juya hagu ya ce nan gashin wuyansa ya fi fitowa. Ya kalli Maiwari sau ɗaya, ya lashi baki.

Mai zanen shi ne Cindo magini, wani siriri mara yawan magana. Aikinsa yana da tsari. Zai yaɓe bango da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake kwaɓa ƙasa da shi don ta yi ƙarfi, sannan ya yi zanen da yatsa da gindin cokali tun yaɓen yana ɗanye. Da ya bushe, shi ke nan, ko gatari sai ya sha wuya. Ya hau tsani ya shafe saman ƙofa sumul, ya waiwayo.

"Ranka ya daɗe, a sani tun yanzu. Ni abin da idona ya gani a jikin garkuwar nan shi hannuna zai sa. Ba na ƙari, ba na ragi."

"Abin da muke so ke nan," in ji Barmo.

Maiwari ya ji wannan magana, ya juya ta a ransa. Ya kalli wuƙar Tunau. Ya kalli igiyar wuyansa, ya kalli igiyar garkuwa, ga su nan gefe da gefe a saiwa ɗaya, duka na rama ne, irin wadda ya fi so. Duk idanun gari suna kan bango, inda Cindo ya fara fid da siffar garkuwa. Maiwari ya sunkuya kamar mai kiwo. Ya fara da tasa, ya gama. Ya yi bisimilla ya kama ta biyun.

Igiya ta ce ɓas! Garkuwar Kaka ta taho ƙasa.

Zaki ya ɗaga ido ya ga abu kamar ƙyaure yana nufo ƙeyarsa. Bai san lokacin da ya miƙe da ƙafafun baya ya tare gefe ɗaya da hannuwa ba. Ɗaya gefen ya karkata zai sha ƙasa, mata suka sa salati, sai ga Maiwari ya faɗo ƙarƙashi da gudu, ya miƙe shi ma, ya tokare da kofato. Garkuwa ta tsaya a tsakaninsu, tsakaninta da ƙasa bai fi taƙi ɗaya ba.

Maza suka ruga za su taimaka, suka tuna da doka, suka ja birki da hannuwa a sama. Barmo ya riƙa zagaye su yana ihu.

"Kada ku saki! Don Allah, don darajar iyayenku, kada ku saki! Mai shela, ruga ka kira Baba Anaruwa!"

"Ni na zo kwanciya ne," in ji Zaki ta cikin haƙora.

"Manyan dawa," in ji Barmo, "in ta taɓa ƙasa babu gari, babu ƙofa, babu tambari. Kowa zai ji cewa a hannunka ta faɗi."

Zaki ya yi gurnani, amma ya gyara riƙo. Sai ga muryar Cindo daga saman tsani.

"Ranka ya daɗe, yaɓe yana shan iska."

"Jira mana!"

"Ni zan jira, shi ne ba zai jira ba. Makuba kuma ta ƙare kaf, sai baɗi in ɗorawa ta yi 'ya'ya."

Barmo ya tuna da mutanen Tudun Marke, waɗanda ya riga ya aika musu su zo kallo. Gumi ya karyo masa.

"To zana Zaki a kwance, yadda yake ɗazu."

"Ban iya zane da ka ba, sai abin da na gani. Ubana ya taɓa zana raƙumi da ka a gidan Sarkin Noma, har yau ana gardama ko tulu ne ko jimina."

"To zana shi a tsayen, amma ka bar wannan mai warin."

Cindo ya karkata kai ya duba. "Zan iya. Sai dai garkuwa za ta fito da mai riƙo a gefe ɗaya, ɗaya gefen a iska. Duk wanda ya gani zai ce Garkuwar Kaka faɗuwa take yi."

Dattawa suka ce subhanallahi.

"Zana," in ji Barmo, kamar mai haɗiyar maɗaci.

Daɗi ya kama Maiwari har ya kusa saki. Amma Cindo da Zaki ya fara, kuma Cindo ba ya sauri.

Rana ta ɗaga, inuwar tsamiya ta janye ta bar su a fili. Rairayi ya yi zafi, suka fara ɗaga ƙafa ɗaya suna sauke ɗaya. Cinnaku suka gano wutsiyar Zaki a ƙasa suka hau, ya ɗaga ta sama ya lanƙwashe. Fatar garkuwa ta fara santsi da gumi, dole ya fid da farata ya kafa. Ƙishirwa ta zo, harsuna suka zazzago waje. Duk abin da suka yi, Cindo ya duba, ya sa a bango.

"An yi mini alkawarin inuwa!" Zaki ya daka tsawa.

Barmo ya rasa abin yi, ya aika aka ɗauko malfarsa, wadda Maiwari ya cinye wa ƙoƙo. Ya yi ɗage ya ɗora wa Zaki a ka, ta zauna da tsinke-tsinkenta a tsaye, rana tana shiga ta tsakiya yadda take so. Cikin kai da kawowa rawanin Barmo ya warware ya shimfiɗe a ƙasa gaban garkuwa, bai ma sani ba. Wata ungulu kuma, wadda ta ga Tunau da wuƙa tun safe ta biyo shi da sa rai, ta gaji da shawagi, ta sauko ta zauna daram a kan garkuwar ta buɗe fukafukai tana shan iska.

"Kai, abincin rana," in ji Zaki, ya leƙo ta gefen garkuwa. "Na ga igiya a gemunka. Kai ka yi wannan aiki."

"Ni kuwa, manyan dawa? Kiwo nake yi."

"Matso da kanka nan in gaya maka wata magana a kunne."

"Ina ji daga nan. Kunnena lafiya lau."

Zaki ya wage baki ya miƙo wuya iya miƙowa, bai kai ba. Cindo ya duba, ya sa a bango.

Ina Baba Anaruwa? Mai shela ya same shi, kuma ya taso. Sai dai shi mutum ne da bai taɓa wuce ɗan Adam bai gaishe shi ba, gaisuwa kuma cikakkiya. Ya gamu da masunta a bakin rafi, ya tambaye su ruwa, ya tambaye su kifi, ya tambaye su iyali ɗaya bayan ɗaya. Ya gamu da mai tallan nono, ya tambaye ta shanu da sunayensu. Mai shela yana jan hannun rigarsa yana kuka, shi kuwa yana cewa, "Haba, ɗan nan, gari zai tashi ne don an ce ina kwana?"

A gindin tsamiya kuwa, Maiwari ya fara ganin duhu-duhu. Bayansa ya ƙage, cinyoyinsa suna rawa, kofatonsa ya mutu. Cindo ya gama Zaki, ya gama ungulu, ya gama rawani, sai yanzu ya dawo kansa. Ya fid da ƙafafun baya, ya fid da ciki. Saura hannuwa da kai. Maiwari ya san bunsuru mara kai a bango ba zai hana wuƙa ba, don Tunau zai ce tunkiya ce.

Daidai nan jama'a suka dare, ga Baba Anaruwa ya iso yana naɗe hannun riga. Kowa ya ce alhamdulillahi, ban da Maiwari. In tsohon nan ya karɓi garkuwa yanzu, Cindo zai daina ganinsa a jikinta, hannunsa kuma zai tsaya. Ya tattaro sauran numfashinsa.

"Baba, barka da rana."

Baba Anaruwa ya tsaya cak. "Barka kadai, Maiwari."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya gyaɗa? Ta yi 'ya'ya kuwa?"

"To, alhamdulillahi, ta gefen rafi ta yi, ta tudu ce dai gara ta ɗan taɓa."

"Assha! Gara kuma? Ya aka yi?"

"Karɓi abin nan, tsoho!" Zaki ya yi ruri har ganyen tsamiya ya zubo.

"Manyan dawa, ana gaisawa," in ji Baba Anaruwa, ya juya ya ci gaba da bayanin gara tun daga farkon damina.

Maiwari ya tambayi ƙafarsa mai ciwo. Ya tambayi jikokinsa na Tudun Marke. Ya tambayi jakinsa, da uwar jakin. Muryarsa tana ficewa, hawaye yana bin gemunsa, amma bai bar gaisuwar ta yanke ba, har ya ji Cindo ya ce daga sama, "Na sa gemu. An gama."

Baba Anaruwa ya karɓi garkuwa. Zaki da Maiwari suka zube ƙasa tare, kowa yana haki.

Aka shafa launuka, gari ya ja da baya ya ɗaga kai. Ga zaki a tsaye da yagaggiyar malfa, farata a waje, wutsiya a sama. Ga bunsuru yana fuskantarsa, harshe har gemu. Ga ungulu a bisa, ga rawani a ƙasa. Sai ga mutanen Tudun Marke sun iso da dagacinsu, suka tsaya suna kallo, bakinsu yana motsi alamar dariya tana hanya.

"Barmo," in ji dagacin Tudun Marke, "me ya sa naku suke tsaye?"

Barmo ya ji gumi yana bin bayansa. Amma Allah ya ba shi baki, ko da bai ba shi gemu ba.

"Mu a nan ba ma kwanciya," in ji shi. "Kwanciya ta masu kada ce."

"Harshen fa?"

"Gaskiya. Abin da ke cikinmu shi ke waje."

"Wannan abin na kan zakin?"

"Kambin sarauta ne. Ba ku da shi a can?"

"Tsuntsun nan kamar ungulu."

"Gaggafa ce," in ji Barmo, bai ko ƙifta ido ba. "Hangen nesa."

"To bunsurun?"

Barmo ya kalli Maiwari da ke kwance yana haki, ya haɗiye abin da ya taso masa. "Dattako," in ji shi.

Liman ya matso ya ce filin rawanin nan bai kamata ya zauna ba rubutu ba, me za a sa? Jama'a suka ce a sa abin da dagaci ya yini yana faɗa. Aka rubuta: Kada Ku Saki. Mutanen Tudun Marke suka koma gida jiki a sanyaye, suka tarar da kadansu yana barci a bango, suka ji kunya. Kafin kaka ta zagayo sun kankare shi sun tsayar da shi da ƙafa biyu, sun nemo masa abokin riƙo. Daga nan abin ya bi gari gari.

Zaki da farko ya so ya yi faɗa, amma ya ji mata suna cewa, "Kai, dubi faratan nan, kamar a fagen yaƙi!" Sai ya gyara gashin wuya ya ce zanen ba laifi, a kawo sallamarsa. Barmo ya ce bunsuru dai ya shiga tambari, ya zama kan gida, ba dama. Don kada manyan dawa ya tafi da fushi, aka buɗe rumfar Tunau aka kwashe kilishin da ya shanya kaf, aka ɗora wa Zaki a baya.

Nan ne Tunau ya ƙulla gaba da Maiwari. Ya tsaya ya ƙura wa bango ido, ya ƙura wa Maiwari ido, sannan ya durƙusa gaban Barmo da wuƙarsa a hannu.

"Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Bunsurun da ke bangon nan ƙafa nawa yake tsaye a kai?"

"Biyu."

"Wannan na ƙasa fa, da nawa yake tafiya?"

"Huɗu."

"To ni ban ga kama ba. Na bango kan gida ne, na yarda, ko kallon banza ba zan yi masa ba. Amma mai ƙafa huɗu nama ne."

Barmo bai manta da maganar gemu ba. Ya shafa haɓa, ya yi kamar yana dogon tunani, ya yanke hukunci: duk bunsurun da Sarkin Fawa ya tarar a tsaye irin na tambari, wuƙa ba ta taɓa shi. Wanda ya tarar da ƙafa huɗu a ƙasa, tsakaninsu.

Kafin ya rufe baki, Maiwari ya miƙe. Bayansa yana ƙara, idonsa yana ruwa, amma ya miƙe, ya zaro harshe, ya tsaya har Tunau ya gaji ya tafi gida.

Haka ya ƙare rayuwarsa, yara. Tunau ya yi masa kwanton ɓauna a bayan rumbu, ya ɓullo masa ta kan katanga, ya taɓa zuwa da lulluɓi kamar mai tallan ƙosai. Ko yaushe sai ya tarar da shi a tsaye. Da tsufa ya kama Maiwari, ya koyi jingina hannuwa a bango ko a kututturen bishiya, yana ɗan tsinkar ganye don kada tsayuwar ta tafi a banza. Ya ga jikoki, ya ga tattaɓa kunne, haƙoransa suka zube ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya aka tarar da shi jingine da katangar zaure, a tsaye, rai ya yi halinsa. Shi ne bunsuru na farko a Kwarin Ɗinya da ya mutu mushe, kuma waɗanda suka gani sun ce fuskarsa da murmushi. Tunau ya zo ya duba, ya cire hula, ya mayar da wuƙa kube.

Shi ya sa har yau dabbobin tambari suke tsaye biyu-biyu, sun riƙe garkuwa, harshe a waje, suna jiran wani tsoho ya gama gaisuwa. Shi ya sa kuma za ku ga akuyar gidanku ta ɗaga hannuwa ta dafa katanga, ku ce ganye take nema. Ba ganye ba ne, ku waiwaya, mahauci ne ya gifta. Tsayuwar dai sun gada daga kakansu, juriyar ce ba su gada ba. Ba su daɗewa suke gajiya su sauko, kuma hannuwan suna taɓa ƙasa, sai uwarku ta aike ku sayen albasa.